Na'urar Auna Danshin Masara

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi. Salaga.

Yau na buɗe kwamfuta. Goggo Asana, ƙanwar babana da ta tare a gidanmu tun da aka sallamo ni daga asibiti, ta leƙo ta ce ba yanzu ba, Fadilatu, jikinki bai koma ba. Na ce mata zama kawai zan yi, ba faskare zan yi ba. Ta ajiye koko da ƙosai ta fita.

Alhaji Mutala, shugaban ƙungiyar 'yan hatsi ta Yendi, ya kira jiya. Ya yi mini doguwar gaisuwa irin wadda kowa ke yi mini yanzu, sannan ya zo kan magana. Sabuwar masara ta fara shigowa daga Gushegu da Saboba, kuma ba za su zuba ko buhu ɗaya a sito ba sai an auna danshinta. Bara sun zuba ta ba ta gama bushewa ba, rabin siton ya yi fumfuna. Shi ya sa suka ba mu wannan aikin, ni da mijina Abdul-Rashid. Shi ya haɗa na'urar, wani ƙarfe mai tsini da ake cusawa cikin buhu, ya kuma rubuta laburaren, wato rubutun kwamfutar da ke magana da ita, da yaren C. Ni na rubuta manhajar da ke nuna sakamako a allo, da C#.

Alhaji ya tambaya ko Injiniya, wato mijina, yana kusa. Na ce yana Bawku wurin mahaifiyarsa. Ai gaskiya ce.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar.

Manhajar faɗuwa take yi.

Bari in rubuta yadda muka tsara abin, ko kaina zai dawo daidai. Ɓangarena ba ya tambayar na'ura komai. Na rubuta wani ɗan ƙaramin aiki, ina miƙa wa laburarensa adireshin wannan aikin a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk lokacin da na'ura ta auna, laburaren sai ya bi adireshin, ya kira aikina, ya ba shi lamba, ni kuma in nuna a allo. Shi ke nan. Yare biyu ne da ba sa jin juna, adireshin nan ne kawai ya haɗa su.

Na cusa ƙarfen a kwanon masarar Goggo. Lambobi suka fara fitowa, na ji daɗi, na tashi in sha ruwa. Kafin in dawo tagar manhajar ta ɓace daga allo. Ba saƙo, ba bayani. Na sake buɗewa, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta sake ɓacewa.

Ɗinkin yana ja in na daɗe a zaune.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma.

Ban kira shi ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Matan zango sun zo. Sun zauna a tsakar gida suna hira da Goggo kan doya, wai bana ta yi kyau ta wajen Kpandai. In na fito sai hirar ta tsaya, a koma yi mini ya jiki, ya haƙuri. Najat maƙwabciyarmu ta shigo ba goyo. Na san ta bar shi wurin kakarsa ne saboda ni. Na so in ce mata ta je ta ɗauko shi, bakina ya ƙi.

Na koma ɗaki na zauna gaban allo ba tare da na taɓa komai ba har aka kira magariba. Ina jin kiran salla sau biyar a rana, ni ba na yi tukuna. Ban taɓa sanin rana tana da tsawo haka ba sai da aka cire mata salla.

Jumma'a, 7 ga Nuwamba, da rana.

Na gano abin da ke kayar da ita.

C# yare ne mai kula da gidansa da kansa. Yana da mai kwashe shara da ke zagayawa lokaci zuwa lokaci, duk abin da ya ga ba wanda ke riƙe da shi sai ya share. C ba shi da wannan, kuma mai sharar ba ya ganin abin da ke hannun C. Don in miƙa adireshin aikina sai na yi masa wakili. Na yi wakilin, na miƙa adireshinsa, na sake shi. Mai shara ya zo ya ga ba kowa a ɓangarena da ke riƙe da shi, ya kwashe. Laburaren kuwa bai san an yi ba. Na'ura ta auna, ya bi adireshin da aka ba shi, ya tarar ba komai a wurin.

Gyaran layi ɗaya ne. Na ajiye wakilin a inda zai zauna muddin manhaja tana buɗe. Tun hantsi take aiki, ba ta faɗi ba.

Na ɗaga waya in gaya masa, don shi kaɗai zai gane abin dariyar da ke ciki. Na ajiye.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da rana.

An ɗauke wuta tun safe. Na kwanta ina kallon rufi. Rigata ta sake jiƙewa ta gaba. Goggo ta gani, ta kawo wani zanen ta ɗaure mini ƙirji tam.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan azahar.

Murnar ba ta daɗe ba. Manhaja ba ta faɗuwa, amma ƙarya take yi. Masarar Goggo busasshiya ce ta bara, bai kamata ta wuce goma sha uku cikin ɗari ba. Allo ya ce ashirin da tara. Na gwada shinkafa, ashirin da tara. Na gwada gero, haka. Na zare ƙarfen na riƙe shi a iska, haka. Da rana ta yi tsaka lambar ta hau talatin da huɗu.

Zafin ɗakin nake karantawa, ba danshi ba.

Na tuna ya taɓa cewa awon ba zai yi daidai ba sai an haɗa da zafin hatsin, zai ƙara wannan. Ashe ya ƙara. Ya sa zafi a gurbin farko na saƙon da laburaren ke turo mini, inda danshi yake a da, ya tura danshin wani wuri, kuma bai sabunta takardar bayanin da nake bi ba. Na duba ranar da aka haɗa laburaren na ƙarshe. Jajiberin ranar da muka tafi asibiti ne. Na tuna yana zaune a kujerar nan yana ce mini saura kaɗan, ni kuma ina zagaye ɗakin riƙe da ƙugu ina yi masa tsiya.

Asalin rubutun yana cikin kwamfutarsa. Kwamfutar tana Bawku.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma.

Na ƙara gurbi na biyu a aikina don in ga me yake turowa. Na karɓe shi a matsayin lamba, sai wata lamba ta fito mai tsawon layi guda. Adireshi ne. Wato ya ƙulla abubuwa da yawa wuri ɗaya yana turo adireshin ƙullin. Me ke ciki, wanne ne gaba, wanne ne baya, kowanne nawa ne faɗinsa, ban sani ba. Na yi ta canka. Wani lokaci sifili, wani lokaci miliyoyi, sau biyu manhajar ta mutu.

Na tura masa saƙo. Ban gaishe shi ba, ban tambayi komai ba. Na rubuta: me ka sa a gurbi na biyu?

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu. Sai ta ɓace.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe.

Ba amsa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Ba amsa. Goggo ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo, na ci loma uku don kada ta yi magana.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi.

Mma Raihanatu, mahaifiyarsa, ta kira daga Bawku. Ta ce yana lafiya. Da safe yakan tafi shagon hatsin kawunsa, ya dawo kafin lokacin hana fita, ya shiga ɗaki. Ba ya cin abinci sosai, ba ya hira da kowa. Ta ce in yi haƙuri da shi, maza ba su iya irin wannan ba.

Na ce to, Mma.

Da ta kashe na ajiye wayar. Ni aka yanka. Ni ake yi wa wankan ruwan zafi safe da yamma, Goggo tana fyaɗa mini ganye a baya kamar yadda ake yi wa kowace mace, sai dai ni in an gama wankan ba abin da ke jirana a kan gado. Ni ce kuma zan yi haƙuri da shi. Ya kwana uku a gidan nan bayan an sallamo ni, bai kalli idona ba ko sau ɗaya, ya ce Mma ba ta jin daɗi, ya ɗauki jaka.

Mma ƙalau take. Na ji muryarta.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da rana.

Ba na jin haushinsa yau. Kewarsa kawai.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan azahar.

Alhaji Mutala ya sake kira. Buhuna sun taru a filin sito ƙarƙashin tampol, manoma suna zuwa suna komawa, wasu sun fara cewa za su kai wa 'yan Kumasi. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi dai yana so ya san abin da zai gaya wa mutane.

In na zauna mako guda ina tona laburaren ɗaya bayan ɗaya, zan iya gano yadda ƙullin yake da kaina. Na taɓa yin abin da ya fi wannan wuya a wurin aikina na Tamale. Na san haka. Ba na so.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma.

Na gaya wa Goggo zan tafi Yendi ranar Asabar, daga can in wuce Bawku. Ta ce ban cika arba'in ba. Na ce saura kaɗan. Ta ce hanyar Bimbilla za ta warware mini ɗinki, kuma ba mace ke bin namiji ba a irin wannan hali, shi ya kamata ya zo. Na ce aiki ne zai kai ni.

Sannan ta tashi ta fara soya mini wagashi, cukun nono, na guzuri.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar. Yendi.

Hanya ta girgiza ni, amma ɗinkin yana nan. Na riƙe jakar na'ura a cinya tun daga Salaga.

Alhaji Mutala ya tarbe ni a bakin sito. Badagombe ne, Hausarsa ta zango ce, kowa kai ne a wurinsa. Ya ce, "Madam, kai ka zo da kanka? Ina Injiniya?"

Na gaya masa gaskiyar aikin: na'ura tana auna zafi, danshin yana ciki amma ban iya fito da shi ba, sai na je Bawku. Ya zagaya da ni filin. Buhuna sun fi yadda na zata yawa, an jera su har sun wuce tsayina, ƙarƙashin tampol ɗin kuwa zafi kamar tanda. In akwai mai ɗanye a ciki, ta riga ta fara lalata na kusa da ita. Ya ce zai iya riƙe manoma zuwa Laraba, bayan nan bai sani ba.

Matarsa Hajiya Sumaya ta sauke ni a ɗakinta. Ba ta yi mini gaisuwar da kowa ke yi ba. Ta dafa mini ruwan wanka ba tare da na roƙa ba, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake har na fito. Ta ce ita ma ta taɓa, sau biyu. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da rana. A mota.

Mun wuce Gushegu. Muna gangaren dutsen Nakpanduri, kowa ya yi shiru yana addu'a. Ban gaya masa ina zuwa ba. Ban san abin da zan ce ba in na gan shi.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan azahar. Bawku.

Jiya mun iso a makare saboda shingayen sojoji, na kwana a ɗakin Mma. Shi yana ɗakinsa, ya san na zo, bai fito ba. Da asuba na ji fitarsa.

Da hantsi na bi shi shagon kawunsa. Yana zaune a kan buhun gero a can ciki. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya miƙe da ya gan ni, ya rasa inda zai sa hannunsa. Na ajiye jakar na'ura tsakaninmu na ce Alhaji Mutala yana jira zuwa Laraba.

Ya ce bai tuna yadda ya jera ƙullin ba, sai an buɗe kwamfutar, shi kuma bai buɗe ta ba tun ranar da muka tafi asibiti. Ashe kullum yana zuwa da ita shago a jaka, yana komawa da ita. Ya ciro ta ya miƙo mini, ya ce in buɗe, in shiga rubutun, in na shiga in gaya masa. Ya juya fuskarsa bango.

Na buɗe. Hoton da ke allon shi ne wanda aka ɗaukar mana ranar awo a Tamale, baƙi da fari, ana ganin kai da ɗan hannu. Na manta ya sa shi a nan. Na yi sauri na buɗe rubutun ya rufe allon, na ce masa ya juyo.

Daga nan aiki muka yi, kamar da. Ƙullin abu uku ne: irin hatsi, danshi, sai alamar ko awon ya kammala. Na farkon ɗan ƙarami ne, kuma ya matse su ba rata a tsakani, ni kuwa C# yana bar mini rata bayan na farko, shi ya sa nake karanta rabin wannan da rabin wancan. Na gyara nawa ya dace da nasa. Ya cusa ƙarfen a buhun masarar kawu. Goma sha biyu da ɗigo takwas. Ya yayyafa ruwa a wani kwano na masara, muka jira, ya cusa. Goma sha tara.

Na gaya masa labarin mai shara da wakilin. Ya yi ɗan murmushi, ya ce ai ya taɓa gargaɗina. Na ce bai taɓa ba. Ya ce to, ya yi niyya.

Sai aiki ya ƙare, ba sauran abin da za mu kalla.

Litinin, bayan la'asar.

Zan rubuta wannan yadda ya faru, don kada in manta ko kalma ɗaya.

Kawu ya tafi masallaci ya bar mu a shago. Ina naɗe wayoyi, sai Abdul-Rashid ya ce, "Fadila, me suka gaya miki?"

Na ce Goggo ta ce Allah bai yi ba, kuma an riga an kai ta kafin in farfaɗo. Ban tambayi komai ba bayan wannan, ba wanda ya ƙara mini komai.

Ya ce, "Ta yi kuka."

Na tsaya da waya a hannu.

"Ta yi kuka, ni na ji. Suka miƙo mini ita a zane. Ba ta daɗe ba, amma a hannuna take har ta daina. Goggo ta ce kada a gaya miki, wai zai fi miki sauƙi ki ɗauka ba ta zo da rai ba. Ni kuma na kasa kallonki ina riƙe da wannan."

Na tambaye shi yadda take. Ya ce doguwa ce, yatsunta dogaye, kanta cike da gashi. Ya ce ya yi mata kiran salla a kunne. Liman ya ce tunda ta yi kuka sai an yi mata salla, sai kuma an raɗa mata suna. Ina kwance ban san inda nake ba, ba wanda zai tambaya, ga mutane suna jira.

"Na sa mata suna ba ki nan. Na ji tsoron ba za ki yafe mini ba."

Na ce, "Wane suna?"

Ya ce, "Abida."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shi ma ya sauko ya zauna. Mun yi kuka a tsakanin buhunan gero har kawu ya dawo, ya leƙo, ya ja ƙofar shagon ya koma waje ya zauna a benci yana sallamar masu saye.

Talata, 25 ga Nuwamba, da safe. A mota.

Mma ta rako mu tasha. Yana kujerar kusa da ni, jakar na'ura a cinyarsa. Tun kafin mu kai Garu barci ya ɗauke shi. Ban san abin da zan ce wa Goggo ba in mun koma. Ba na jin zan yi mata faɗa. Ban sani ba tukuna.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan azahar. Yendi.

Tun safe muke auna buhuna. Shi yana cusa ƙarfe, ni ina karanta allo, Alhaji Mutala yana sa a ware. Yawanci sun bushe, an fara shiga da su sito. Waɗanda suka zo daga Saboba a makon farko suna da ɗanye, an baza su a siminti su sha rana, kaɗan ne suka fara baƙi. Manhajar ba ta faɗi ba. Manoma sun tsaya, ba su kai wa 'yan Kumasi ba.

Jibi za mu wuce Salaga. Ya ce zai kai ni in tsaya daga bakin maƙabarta ya nuna mini wurin, yana kusa da wata bishiyar darbejiya.

Ɗazu da aka tafi salla na zagaya bayan sito, inda ba kowa sai masarar da aka baza. Tun shekaranjiya a zuci nake ta maimaita sunan. Yau na faɗe shi da baki, a hankali, sannan na sake faɗa da ƙarfi kamar ina kiranta ta shigo gida. Abida.